Hure da Gemun Malam Iliyasu

Na fara jin sunan Hure ne a bakin kakata Hajiya Kaltume, ina 'yar shekara tara, lokacin da babanmu ya fara sa wa gemunsa lalle. Bai kwana goma ba lallen ya koɗe, gemun ya koma wani iri, shi ba ja ba, shi ba fari ba. Ya shigo gaishe ta da safe, ta ɗaga kai ta ƙare masa kallo, ta ce, "Basiru, wa ya yi maka wannan aika-aikar? Da Hure za ta gan ka, yau ba ta cin abinci." Da ya fita na tambaye ta wace ce Hure. Ta ce yayarta ce ciki ɗaya, tana aure a Tudun Maƙera, wani ƙauye gaba da Makoda, kuma duk yankin babu macen da ta san halin lalle kamarta.

Sai bayan na gama sakandare na je na yi wata biyu a wurin Hure. Abin da zan faɗa a nan daga bakinta na ji shi, sauran kuma daga bakin surukarta Sakinatu.

Hure ba ta yi boko ba, kuma ba ta taɓa yin sana'ar ƙunshi ba. Matar manomi ce kamar sauran matan garin. Mijinta Malam Iliyasu yana noma gero da dawa da wake, in an yi girbi ya ɗora abin da ya samu a mota zuwa Dawanau. Furfura ta riske shi da wuri, tun bai cika arba'in ba gemunsa ya yi fari fat. Limamin garin ya ce masa rina furfura da lalle abu ne mai kyau a addini, baƙi ne dai ba a so. Ya sayo lalle ya kwaɓa da kansa ya shafa. Kwana uku yana taƙama, a na bakwai gemun ya zama kalar busasshen kara.

Abin ya tsaya wa Hure a rai. Mace ce da ba ta iya ganin abu ya lalace ta kau da kai. Ta fara lura. Ta ga matan da ke ɗibar ruwa a rijiyar tsakiyar gari, mai zartsi, ƙunshinsu ba ya jimawa, na waɗanda ke zuwa rijiyar bakin fadama kuwa har ya tsufa yana ja. Ta ga gefen gemun da rana ke duka in yana noma ya fi saurin dushewa. Ta ga duk ranar da ya wanke fuska da sabulu, kumfar tana sauka da ja-ja a cikinta. Shekara biyu tana gwaji a fuskar bawan Allah, shi kuma yana haƙuri, har ta kai ga tsarin da ba ta sake canzawa ba.

Ta dasa lallenta a bayan ɗaki, ta kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Ganyen a inuwa take shanya shi, ta daka, ta tankaɗe da tsohon mayafi har sai ya yi laushi kamar kwalli. Da ruwan tsamiya take kwaɓawa, ta rufe ya kwana. In ta shafa masa da hantsi ta naɗe da ƙyalle, ba a kwancewa sai an kusa kiran azahar. Amma takan ce wannan duk kowa zai iya, riƙon launin ne aikin. Mutum ne mai alwala sau biyar a rana, kuma dole ruwa ya ratsa gemu. Don haka ta ware masa butarsa, wadda ruwan rijiyar gari bai taɓa shiga ba. Da damina ruwan sama take tara masa a randa biyu. Da rani kuwa ta sa a ɗebo na bakin fadama, in ba mai zuwa ta ɗauki tulu da kanta. Kwana uku bayan lalle sabulu ba ya kusantar haɓarsa. Bayan nan ma sai ranar Juma'a, shi ma kaɗan. Kullum da safe ta ɗan lakato man shanu ta murza a tafinta ta bi gemun da shi, ta taje. In zai tafi gona ta ɗaura masa ƙyalle daga haɓa zuwa ƙeya.

Wannan ƙyallen ya ja masa tsiya ba kaɗan ba. Yana da taubashi, Ɗan Iya, wanda gonarsu ke iyaka, kuma tun suna yara ba sa haɗuwa su rabu ba su tsokani juna ba. In ya hango shi daga kan kunya sai ya ɗaga murya, "Iliyasu, a gaida matar kulle. Yaushe za a bar ta ta fito mu ganta?" Malam ya ce, "Sai ranar Juma'a, kuma ba irinku take fitowa dominsu ba."

Ranar Juma'ar kuwa kowa ya san ta fito. Gemun yakan yi ja mai zurfi kamar garwashin da aka hura, yana ɗan sheƙi a kan farar riga. A Dawanau, da duk girmanta, in baƙon direba yana neman sa, cewa ake, "Bi layin wake, za ka ga mai jan gemu." Dattawa daga ƙauyukan kusa suka riƙa turo matansu wurin Hure. Ba ta ɓoye wa kowa komai ba, sai dai kaɗan ne suka iya jure ɗawainiyar.

Malam Iliyasu yana da shekara sittin da 'yan kai idonsa ya fara dushewa. An je asibiti a Kano, aka ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Cikin shekara biyu ya daina gani gaba ɗaya. Mutum ne mai jin kansa, da farko ya ce shi da fita sai dai a ɗauki gawarsa, ba zai yarda a riƙa jan sa ana tausaya masa ba. Hure ce ta fitar da shi. Wata Juma'a ta yi masa lalle kamar yadda ta saba, ta taje, ta ce, "Malam, ni dai ban yi wannan wahalar don bango ya gani ba." Can ya ce, "Ya yi?" Ta ce, "Ya yi." Ya ce a miƙo masa rigarsa.

Daga ranar abin ya zama ƙa'ida. Duk Juma'a kafin babban ɗansu Naziru ya ɗauke shi a babur zuwa masallaci, sai ya juyo inda yake jin motsinta ya ce, "Ya yi?" In ya yi ta ce ya yi. In saiwar ta fara fari ta ce, "Da saura, amma zai kai mako." Ba ya tambayar kowa sai ita. Shekara shida suna haka.

Sai 'yarsu da ke aure a Bici ta haihu da ƙyar, har aka yi mata aiki. Hure ta tafi da niyyar kwana bakwai, ta yi ashirin da uku. Kafin ta tafi ta jera wa Sakinatu, matar Naziru, duk abin da za a yi. Shi Naziru ba ta faɗa masa kai tsaye ba, domin ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa, magana ma sai ta bi da ita ta bakin wani.

Naziru mutum ne mai son mahaifinsa. Shi ya karɓi hidimar da kansa. Ya ga tsoho in ya sha koko yana ɗiga masa a gemu, sai ya riƙa wanke masa safe da yamma da sabulu mai ƙamshi, da ruwan da ya samu a kusa. Sakinatu ta ce masa Inna fa ta hana. Ya ce tsafta ai ba ta ɓata komai. Kafin mako biyu gemun ya koɗe ya yi fari-fari. Da aka aiko cewa Hure na nan tafe ranar Asabar, hankalinsa ya tashi. Ya duba gwangwanin lallenta ya tarar saura ɗan kaɗan. Ranar Laraba da ya kai wake Dawanau ya tsaya wurin wani mai tireda ya ce a ba shi lalle mai kyau, wanda ba ya koɗewa. Aka miƙo masa wani na cikin kwali, aka ce daga waje ake kawo shi. Ya buɗe ya ga gari ne kore-kore kamar na gida. Washegari ya kwaɓa ya shafa wa tsoho da hantsi, ya naɗe, ya bari har azahar kamar yadda ya ga ana yi. Abin da bai sani ba, irin wanda ake haɗawa da baƙin rini ne, minti kaɗan ake barin sa.

Sakinatu ta ce da aka kwance ƙyallen, ita da mijinta suka kalli gemun, suka kalli juna. Malam ya ce, "Yaya dai?" Naziru ya ce, "Ya yi kyau, Baba." Duk gidan aka haɗa baki a kan haka. Ranar Juma'a aka ce masa babur ya lalace.

Hure ta sauka ranar Asabar da la'asar. Tun daga yadda Sakinatu ta tare ta da gaisuwa mai yawa ta san akwai magana. Ta aje ƙullinta ta shiga ɗakin Malam. Yana zaune a kan buzu da carbi a hannu, ga gemu baƙi wuluk har yana ɗaukar ido. Naziru na tsaye a bakin ƙofa, yana yi mata alama da hannu biyu, yana roƙo.

"Hure, kin dawo? Yaya mai jego?"

"Da sauƙi, Malam. Tana gaishe ka."

"Yaron nan ya yi min lalle shekaranjiya. Kowa ya ce ya yi kyau." Ya shafa gemun. "Amma ban ji ƙamshin da na sani ba. Ya yi?"

Ta san in ta ce ya yi, zai yarda. Za ta rufa wa ɗanta asiri, tsoho ya kwana da daɗin rai. Amma ta tuna Juma'a nawa ya hau babur ya shiga cikin mutane ba ya ganin kansa, ba abin da ya riƙe sai kalmarta. In ta yi masa ƙarya yau, ko bai taɓa ganewa ba, ita ta san abin da yake dogara da shi ya zama banza.

Ta ce, "Baƙi ne, Malam."

Carbin ya tsaya. "Baƙi kamar yaya?"

"Kamar gindin tukunya."

Ya aje carbin a kan buzu. Sannan ya ce, a hankali, "Shi ya sa babur ya lalace." Naziru ya durƙusa yana ba da haƙuri, yana bayanin mai tireda. Malam bai yi masa faɗa ba. Cewa ya yi, "Tsoho ɗan shekara saba'in da gemun saurayi. A ce Iliyasu ya makance, ya kuma koma neman ƙuruciya. Gobe a kira min wanzami ya kwashe shi duka. Na gama fita, dama ƙarfin hali ne."

Hure ta san shi. In aka aske gemun nan, ba zai sake taka ƙofar gida ba.

Ta ce, "Ka ba ni Juma'a huɗu."

"Me za ki yi da su?"

"Ka dai ba ni. In ta huɗu ta zo na ce maka bai yi ba, ni zan aika a kira wanzamin."

"Biyu."

"Huɗu, Malam. Shekara talatin da biyar ina yi wa gemun nan bauta. A fuskarka yake, amma ina da haƙƙi a cikinsa."

Ya juya fuska bango ya ce, "Huɗu. Ba ƙari."

Ta kwana tana tunani, da gari ya waye ta san abin yi. Ba wanda ya kai ta sanin abubuwan da ke kashe launi, tunda rayuwarta duka gudunsu take. Sai ta tattaro su gaba ɗaya. Matan gari suka ga abin mamaki, Hure da guga a bakin rijiyar zartsi. Ta aika aka sayo sabulun salo mai kaifi. Ta tace ruwan toka. Kullum da hantsi ta fito da Malam tsakar gida, ta wanke gemun da ruwa mai ɗumi da sabulu sau uku, ta zaunar da shi inda rana ke duka, ta rufa masa kai da faifai ta bar haɓar a waje. Da yamma ta jiƙa gemun da man gyaɗa ya kwana, da safe man ya fito da baƙi-baƙi a jikin tsumma.

Malam ya ce, "Yau ni ake shanyawa kamar kuɓewa."

Ta ce, "Kuɓewa ba ta surutu. Ɗaga haɓar."

Naziru kuwa, magidanci mai 'ya'ya biyar, ba wanda ya sa shi, kullum kafin ya tafi gona sai ya cika mata jarka biyu ya aje a ƙofar ɗaki. Ta riƙa amfani da ruwan. Sai dai wata rana yana jin ta ta ce wa Sakinatu, "Ki gaya wa mai kawo ruwan nan ya isa haka, kada ya kashe bayansa."

Ɗan Iya yana zuwa zaure kusan kullum, ana ce masa Malam ba ya jin daɗi. Ya gaji ya ɗaga murya yadda za a ji a ciki, "In ya mutu ne kuke ɓoyewa ku faɗa min, in zo in gaji gonar fadama tun ba a yi shuka ba." Malam daga tsakar gida ya yi ƙwafa, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ka ji ɗan banza."

A mako na biyu aiki ya tsaya. Ruwan toka ya ci masa fata, haɓar ta yi ja tana ƙaiƙayi. Hure ta ga laifinta ne, ta yi gaggawa. Ta faɗa masa hakan, ta daina komai kwana huɗu sai man kaɗanya. Kwanakin nan huɗu sun dame ta ƙwarai, tana ganin Juma'a na matsowa gemu na nan da duhunsa. Da fatar ta warke ta watsar da tokar, ta ci gaba da sabulu da rana da mai kawai.

Kowace yamma yakan tambaye ta, "Yau kamar me?" Ta ce kamar gawayi. Bayan kwanaki ta ce kamar ƙasar fadama. Ranar da ta ce, "Yau kam kamar miyar kuka," sai ya fashe da dariya har yana tari, karo na farko tun dawowarta. Ya ce, "To a kawo tuwo mana."

A ƙarshen mako na uku aka yi ruwan farko. Ta bar shi ya wanke rufin kwano, na biyu ta tara. Ta tsinko sabon ganye a bayan ɗaki ta haɗa da ɗan ragowar na gwangwani. Ta sa almakashi ta rage wajen yatsa biyu a ƙarshen gemun, inda baƙin ya ƙi fita, bayan ta auna ta tabbatar abin da ya rage ya fi kamun hannu ɗaya. Ta yi masa lalle ranar Asabar, ta sake ranar Litinin, ta sake ranar Laraba. Ta mayar da butarsa, ta mayar da man shanu.

Ranar Juma'a da hantsi wanzami na zaune a zaure da zabirarsa, domin Malam ya ce a kira shi ya jira, alkawari alkawari ne. Hure ta fito da mijinta haske, ta taje gemun, ta ja da baya ta duba ta dama, ta duba ta hagu.

"Ya yi?"

"Bai kai na da ba," in ji ta. "Ya fi duhu, kamar dabinon da ya nuna sosai. Ta gefen hagu akwai inda ya ɗan fi baƙi, wanda ya matso kusa zai gani. Amma ja ne, Malam. Ba wanda zai kalle ka ya ce ka yi rinin samari."

"Ke za ki iya tsayawa a bayansa?"

"Ni na yi shi."

Ya shafa gemun tun daga sama har ƙasa, ya sunsuna yatsunsa. Sannan ya ce, "A ce wa wanzami ya shigo ya yi min aski, kai kawai. Kai kuma Naziru, ina fatan babur ya warke."

Hure ta ce ranar ba ta iya tuƙa tuwo ba, Sakinatu ce ta karɓa. Ta zauna a bakin randa tana sauraron ƙarar babur. Da suka dawo Malam ya nemi fura, ya sha, ya gyara zama. Sai da ya ga dama ya ce, "Na haɗu da Ɗan Iya."

"Me ya ce?"

"Wai ashe wata guda na ɓuya ina gasa gemu ne, har na bari gefe ɗaya ya ƙone."

"Kai me ka ce masa?"

"Na ce ni makaho ne, amma har yau gemuna ake kallo. Shi mai ido biyu, wa ya taɓa tsayawa duban nasa?"

Bai sake fashin Juma'a ba sai a ciwon ajali, shekara huɗu bayan haka. Kafin nan duhun ya daɗe da fita, jan ya dawo yadda aka san shi.

Lokacin da na zauna a wurinta, Inna Hure ta haura saba'in da biyar, tana nan da ƙarfinta, lallenta na bayan ɗaki ya fi ni tsawo. Ana gobe zan koma gida muna zaune muna ɓarar gyaɗa, sai Kawu Naziru ya shigo ya gaishe ta ya wuce. Shi ma furfura ta cika masa haɓa, ya sa lalle, ya koɗe ya yi fari-fari. Ta bi shi da kallo har ya shige sashensa, ta yi tsaki ƙasa-ƙasa.

Ta ce, "'Yar boko, kina da takarda a jakar nan taki?"

Na ce ina da ita.

"To ɗauko. Zan faɗa miki yadda ake yi tun daga tsinkar ganye har zuwa ruwan alwala, ki rubuta dalla-dalla, kada ki tsallake man shanu. Mijin Sakinatu kunya ta hana shi tambayata tun wancan abin, ni kuma ba zan iya ce masa ba. Ki kai wa matarsa ki karanta mata. In ya tambaya, ki ce a makaranta aka koya muku."